ZUWA DA KAI YA FI SAƘO: Tafiyata Kasuwar Hunturu Ta Birnin Bath

Na daɗe ina son in rubuta labarin wata tafiya ta yini guda da na yi a farkon watan Disamba na 2023, amma duk sa'ad da na zauna zan fara sai in ji nauyi, domin kuwa akwai inda labarin ya taɓo ni ni kaina. To yau dai na ce bari in daure in fitar da shi, ko Allah Ya sa wani ya amfana.

Ni 'yar Zariya ce. Aure ne ya kawo ni Ingila a 2018, lokacin da maigidana ya zo ƙarin karatu. Karatu ya ƙare, zama bai ƙare ba. Aikin da nake yi a Landan shi ne kula da tsofaffi a gidajensu. In je da safe in taimaka wa mutum ya yi wanka, in haɗa masa abin kari, in ba shi magani a kan lokaci, in rubuta duk abin da na yi a littafi, sannan in wuce gida na gaba. Cikin waɗanda nake kula da su a lokacin akwai wata tsohuwa Baturiya mai shekara 86. Ƙa'idar aikinmu ta hana ambaton sunan mutum, don haka a nan zan kira ta Gwaggo, kamar yadda dama nake kiranta a zuciyata. Mijinta ya daɗe da rasuwa. 'Ya'yanta biyu ne, namijin yana Ostireliya, macen kuma tana can arewacin Ingila da iyalinta. Gwaggo da sanda take tafiya, kuma mantuwa ta fara kama ta. Za ta ba ka labarin abin da ya faru shekara saba'in da suka wuce tiryan-tiryan, amma ka tambaye ta me ta ci da safe sai ta yi shiru tana kallonka.

A watan Nuwamba 'ya'yan nan biyu suka haɗa kuɗi suka yi wa uwarsu kyautar Kirsimeti, wato tikiti biyu na wani jirgin ƙasa na alfarma mai suna British Pullman, wanda zai tashi daga tashar Biktoriya da safe, ya kai mutane kasuwar hunturu ta birnin Bath, ya dawo da su da dare. Bath ce mahaifar Gwaggo, kuma rabonta da garin an fi shekara ashirin. Shirin shi ne 'yarta ta zo su tafi tare. Mako uku Gwaggo ba ta da zance sai wannan. Ta sa na tono mata wata koriyar riga daga ƙasan akwati na kai wa masu wanki, ta sa aka zo har gida aka gyara mata gashi. Ana saura kwana biyar sai 'yar ta bugo waya ta ce wani aiki ya taso mata, ba za ta samu zuwa ba. Ta roƙi ofishinmu a bar ni in raka mahaifiyarta, za ta biya kuɗin yinin nawa.

Da na ji kuɗin kujera ɗaya sai da na riƙe baki, domin ya fi abin da nake samu a mako guda cur. Ina goge wa Gwaggo takalmi ina ta mita a zuci: "Oh ni 'yasu! Turawa ke nan. Uwa ta haife ki, ta sha wahalarki, ta tsufa, sai ki saya mata takarda mai tsada ki haɗa ta da 'yar aiki. Mu dai Allah Ya rufa mana asiri, ba mu san wannan ba." Da dare har na ba maigida labari, muka taru muka yi wa Turawa tas. Mai karatu, riƙe mini wannan magana tawa, za mu dawo kanta.

Ranar tafiya muka isa Biktoriya gari bai gama wayewa ba, don a Disamba rana ba ta fitowa a Landan sai wajen ƙarfe takwas. Tashar cike take da ma'aikata masu sauri, kowa fuska a murtuke. Amma a can gefe akwai wani ɗakin jira na musamman, inda muka tarar da wata duniya daban. Maza sun sha kwat, mata sun ci ado kamar masu zuwa biki, ana ta raha ana ɗaukar hoto. Ni ma ban yarda an bar ni a baya ba, atamfata ta gani-na-faɗa na ɗaura, na ɗora rigar sanyi a kai, na yafa mayafi.

Gani ya kori ji. Taragun jirgin an yi musu fenti ruwan ƙasa da ruwan madara, kuma kowane tarago da sunansa a rubuce a jiki kamar ɗan Adam. Namu sunansa Audrey. Wani ma'aikaci cikin farar kwat ya miƙa wa Gwaggo hannu ya taimaka mata ta hau. Da muka shiga sai na ga kamar falon wani attajiri aka ɗora a kan ƙafafun ƙarfe. Manyan kujeru ne masu hannu da laushi, biyu suna fuskantar juna, teburi a tsakani an shimfiɗa masa farin ƙyalle, ga wata 'yar fitila mai hula a bakin taga. Bangon na katako ne mai sheƙi, an jera ƙananan guntayen itace kala-kala sun ba da hoton karkara. Hatta daɓen bayin jirgin da ƙananan duwatsu aka zana shi. Cokula da wuƙaƙe da ke gabana kuwa sai da na ƙirga su sau biyu, ina tunanin da wanne ake farawa.

Sunan Pullman ya samo asali ne daga wani Ba'amurke, George Pullman, wanda ya shahara da ƙera taragun alfarma, kuma irin taragunsa sun fara aiki a Ingila a 1874. Shi wannan Audrey an ƙera shi a 1932, ya yi aiki a jirgin da aka fi sani da Brighton Belle, mai zirga-zirga tsakanin Landan da garin Brighton na bakin teku. A 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bam ɗin Jamusawa ya lalata shi a wannan tasha ta Biktoriya, aka gyara shi ya koma bakin aiki har zuwa 1972 da aka daina jirgin. Daga baya wani ɗan kasuwa Ba'amurke, James Sherwood, ya bi irin waɗannan tsofaffin taragu yana saye yana gyarawa, suka dawo kan dogo a 1982. Ma'aikacin yana cikin ba mu wannan tarihi sai Gwaggo ta dafa bango ta ce, "Ai na san shi! A cikinsa mijina ya kai ni Brighton makon da muka yi aure." Ta dage a kan cewa wannan taragon ne ba wani ba, har ta nuna kujerar da suka zauna. Ni da ma'aikacin ba wanda ya yi mata musu.

Jirgi ya ɗaga a hankali, aka fara kawo abinci. Nan fa na shiga wani hali. Shekara biyar ina ɗaukar faranti ina kai wa mutane, yau ga shi ni ake kawowa, har ana ce mini Madam. Duk lokacin da muka gama da faranti sai in ga hannuna ya miƙe da kansa zai tattara, sai ma'aikacin ya yi murmushi ya riga ni. Da aka zo zuba wa mutane giya mai kumfa na ce ni ba na sha, ba tare da wata tambaya ba aka kawo mini ruwan tuffa a irin dogon kofin da aka ba kowa. Dama tun kafin ranar na sanar cewa kifi da ganye zan ci, kuma shi aka kawo mini, da ƙwai da burodi mai ɗumi da shayi iya shanka. Ni na yanyanka wa Gwaggo nata, na ba ta ƙwayoyinta na safe. Sau biyu tana kirana da sunan 'yarta. A wajen horo an koya mana cewa kada a riƙa ja-in-ja da mai mantuwa a kan irin wannan, don haka na amsa.

Wani abin mamaki shi ne tafiyar jirgin. Tsakanin Landan da Bath kimanin kilomita 170 ne, jirgin yau da kullum da ke tashi daga tashar Paddington bai cika kai awa ɗaya da rabi a hanya ba. Namu kuwa sai da ya haura awa uku. Wato ka biya kuɗi ninkin-ba-ninkin don a kai ka a makare! Da farko abin dariya ya ba ni. Amma da na duba taragon sai na fahimci abin da mutanen nan suka saya. Zama suka saya. Awa uku kana fuskantar mutum ɗaya, ba inda za ka, ba wanda ke jiranka. Ga tsoho da matarsa suna ta 'yar hira, ga wasu ƙawaye huɗu suna ƙyaƙyata dariya. A teburin da ke ɗaya gefenmu kuwa wata mata ce da mahaifiyarta, tana gyara mata wuyan riga. Na lura Gwaggo ta daɗe tana kallonsu kafin ta mai da fuskarta taga. A waje raɓa ta daskare ta yi fari fat a kan ciyawa, tumaki suna kiwo, kuma duk tashar da muka ratsa sai ka ga mutane suna ɗaga mana hannu, kamar dai yadda muke yi muna yara idan jirgi ya ratsa Sabon Garin Zariya.

Bayan azahar kaɗan muka sauka. Ma'anar sunan Bath a Turanci ita ce wanka, kuma ba banza aka raɗa masa ba. A tsakiyar garin akwai maɓuɓɓugar ruwan zafi da ke fitar da fiye da lita miliyan ɗaya kowace rana, zafinsa digiri 46. Wanda ya taɓa shiga ruwan Wikki a Yankari ya ƙiyasta wanda ya fi shi zafi nesa ba kusa ba. Rumawa ne suka gina wurin wanka da ɗakin bauta a kansa kusan shekara dubu biyu da suka wuce, suka kira garin Aquae Sulis, kuma har yau ginin yana nan ana biya a shiga kallo. Kusan dukkan gidajen garin da dutse iri ɗaya aka gina su, mai launin zuma. A 1987 Hukumar UNESCO ta sa birnin cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Dab da wurin wankan akwai babbar majami'ar garin. A harabar da take ne aka naɗa Edgar sarkin Ingila a shekarar 973, ginin da ake gani yanzu kuma an fara shi a 1499.

A kewayen wannan majami'a kasuwar ke ci. Ita ba tsohuwa ba ce kamar garin, a 2001 aka fara ta, kuma mako biyu da 'yan kwanaki kawai take yi, daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba. Rumfuna ne na katako sama da ɗari, kowace kamar ɗan ƙaramin ɗaki mai jinka, an jera su a lunguna da filaye an zagaye su da ƙananan fitilu. Akwai masu kyandir mai ƙamshi, masu sabulun hannu, masu zuma, masu cuku irin na yankin, masu kayan wasan yara na itace, masu saƙar ulu. Iska cike take da ƙamshin kirfa da kanumfari, wanda daga baya na gane na wata giya ce da suke dafawa su sha da zafinta. Ana kuma gasa wasu 'ya'yan itace masu ɓawo a kan garwashi, ɗanɗanonsu tsakanin gurjiya da dankali, ana zubawa a 'yar takarda. Su na saya mana, ko ba komai sun ɗumama mana hannu.

Abu guda ya hana ni jin cewa a kasuwa nake, wato rashin ciniki. Babu tayi, babu "albarka", babu gyara. Na ga wani sabulu an rubuta fam 6, jinin Zazzagawa ya motsa na ce wa matar, "Fam 4 fa?" Ta dube ni kamar na roƙe ta ɗan kunnenta, sannan ta yi dariya ta nuna mini takardar farashi. Gwaggo ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Na san wani zai ce me ya kai Musulma kasuwar Kirsimeti. Amsata ita ce aiki ne ya kai ni, amanar tsohuwa aka ba ni, kuma abin da ya halatta na ci, wanda bai halatta ba na bar wa masu shi. Sallolina ma a wani ƙaramin masallaci da ke cikin jerin gidaje kusa da tasha na yi su, Gwaggo tana zaune a kujera tana riƙe mini jaka.

Tun da muka taka garin Gwaggo ta zama wata daban. Matar da ke ɓata tsakanin ɗakin kwana da kicin a gidanta, ita ce yau take jan hannuna tana cewa mu bi nan, mu karya can. Wurin wankan Rumawa ba mu shiga ba saboda tsawon layi, ta ce ba asara, ta sha ruwan tana yarinya, ɗanɗanon tsatsa gare shi. Ta kai ni na ga gadar Pulteney da ke kan kogin Avon, wadda aka jera shaguna a kanta hagu da dama. Ta ba ni labarin daren da jiragen Jamus suka yi wa garin ruwan bama-bamai a watan Afrilun 1942, aka kashe mutum fiye da 400, ita tana 'yar shekara biyar a ƙarƙashin teburi a jikin uwarta. Sannan ta ce, "Kin san wani sarkinku na Afirka ya zauna a garin nan?" Gaskiya ta faɗa. Sarki Haile Selassie na Habasha ya yi gudun hijira a Bath daga 1936 zuwa 1940 bayan Italiya ta mamaye ƙasarsa. Gidan da ya zauna, Fairfield House, ya ba garin kyauta a 1958 don amfanin tsofaffi.

Wajen ƙarfe huɗu saura, rana ta fara faɗuwa, fitilu suka ƙara haske, jama'a ta ƙaru har kafaɗa na gugar kafaɗa. Muna tsakiyar rumfuna, hannuna na dama saƙale da na Gwaggo, sai wayata ta yi ƙara. Lambar gida ce. 'Yar yayata ce, wadda ke zaune da mahaifiyarmu a Zariya. Ta ce, "Anti, dama Inna ce ta zame a bayi tun ranar Talata. Ta hana a gaya miki. Yanzu ƙafar ta kumbura, an ce sai an je an ɗauki hoto."

Mai karatu, ka san abin da na yi? Ban ce a ba ni Inna in ji muryarta ba. Abin da na saba shi na yi. Na ce, "Nawa ne?" Na zare hannuna daga na Gwaggo, na cire safar hannu, na buɗe manhajar aika kuɗi, na sunkuyar da kai ina danne-danne. Lambar sirri ta ƙi shiga saboda yatsuna sun daskare, na sake, na kuma sake. Bai fi minti uku ba. Da saƙo ya nuna kuɗi sun tafi na ɗago kai da niyyar in ce wa Gwaggo mu ci gaba. Babu Gwaggo.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba. Ko'ina na duba tsofaffi ne masu farin gashi da rigar sanyi. Na kutsa nan, na kutsa can, ina kiran sunanta, muryata tana ɓacewa cikin kiɗa da hayaniya. Tunani iri-iri suka taso mini: ga kogi ba nisa, ga duhu ya shigo, ga jirgi zai tashi ba ya jiran kowa, ga aikina, ga abin da zan faɗa wa 'yarta, wadda na gama zagi kwana biyar da suka wuce. Na tare wani mai tsaron kasuwa ina ba shi kamanninta, bakina yana rawa, ina salati a zuci. Ya yi magana a rediyonsa, ya ce in duba wajen majami'a shi zai bi ta ɗaya ɓangaren.

A can na same ta. A fuskar majami'ar ta yamma an sassaƙa tsani biyu na dutse, hagu da dama, da siffofin da suke cewa mala'iku ne suna hawa. Gwaggo tana tsaye a gindin tsani ɗaya, ta dogara da sandarta, hankalinta kwance kamar mai jiran mota. Na rungume ta ina kuka. Ta ce, "Mene ne na kuka, 'yar nan? Mamata ta ce in na ɓata a kasuwa in zo gindin tsani in tsaya, kada in motsa, za a zo a ɗauke ni. Ga shi kuwa kin zo." Umarnin shekara tamanin ne ta bi. Minti goma sha biyu ke nan da rabuwarmu, na duba agogo daga baya don sai na rubuta a rahoto, kuma na rubuta gaskiya.

Muna komawa tasha ta tambaye ni wa ya kira ni. Na gaya mata. Ba ta ce komai ba sai da muka zo wata rumfar masu saƙa, ta ja ta tsaya, ta shafa wani babban mayafin ulu ruwan toka, ta ce, "Ana sanyi a garinku?" Na ce ana yi sosai, yanzu ma lokacinsa ne, Inna har kasko take kwana da shi a ɗaki. Ta ce, "Saya mata wannan." Fam 45 ne. Wannan karon ban taya ba.

Da muka koma jirgi an canja ƙyallen tebura, an kunna fitilun nan masu hula, waje ya yi baƙi ƙirin, ba ka ganin komai a taga sai fuskarka. Aka fara kawo abincin dare kashi-kashi, mutane sun gaji sun yi laushi, hira ta koma ƙasa-ƙasa. Ni dai ina ta juya cokali. Can sai Gwaggo ta kira ni da sunana na gaskiya, abin da ba ta yi ba tun safe. Ta ce, "Na san ke ba 'yata ba ce. Na san ba ta zo ba." Na rasa abin cewa. Ta ce, "Kada ki ga laifinta. Ni na koya mata. Da na yi aure na koma Landan, uwata tana nan Bath ita kaɗai. Duk Kirsimeti ina aika mata kati da kuɗi a ambulan. Kullum ina cewa in yara sun yi hutu zan je, in an gama biyan kuɗin gida zan je. Tafiyar da ba ta kai rabin yini ba." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ke yaushe rabonki da taki?"

Na ce, "Shekara huɗu."

Ta ce, "Wa ke riƙe mata hannu?"

Na ce, "'Yar yayata."

Ta gyaɗa kai ta dubi ledar da mayafin ke ciki, ta ce, "To kada ki ba wani ya kai mata." Bayan minti biyar ta sake kirana da sunan 'yarta, tana tambaya ko mun kusa Brighton.

To mai karatu, mun dawo kan maganar da na ce ka riƙe mini. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Rabona da gida tun 2019. Da farko annobar korona ce ta hana, wannan uzuri ne na gaskiya. Bayan ta wuce sai na ce tikiti ya yi tsada, sai na ce takardun zama ba su kammala ba, sai na ce ai kuɗin jirgin in na aika sun fi amfani. Kowane wata ina aikawa, ban taɓa fashi ba, kuma da wannan nake kwantar wa kaina da hankali cewa ni 'ya ce ta gari. Ashe abin da 'yar Gwaggo ta yi sau ɗaya da tikitin jirgi, shi nake yi sau goma sha biyu a shekara da waya. Bambancinmu kawai ita ta biya wadda ta zauna a kujerarta. Ni kuwa yarinyar da ke zaune a tawa kujerar, 'yar shekara 19, tana yi wa Inna duk abin da nake yi wa Gwaggo a biya ni, ita ko sisi ban taɓa ware mata da sunan ladan wahalarta ba, kuma saboda zaman ne ta jinkirta komawa makaranta.

Ba zan yi ƙarya in ce washegari na hau jirgi ba. Sai da na nemi hutu, na tara kuɗi, sai a watan Maris na 2024 na samu tafiya, ana cikin azumi. Daga Abuja na hau jirgin ƙasa a Idu na sauka Rigasa, babu farin ƙyalle babu fitila mai hula, amma ban taɓa jin daɗin tafiya kamar wannan ba. Na tarar ƙafar Inna ta warke, sai dai tana ɗan ɗingishi, kuma ta tsufa fiye da yadda waya ke nuna mini. Da na ciro mayafin na miƙa mata sai ta dube shi ta dube ni, ta ce, "Ke kuma a wannan zafin kika kawo mini bargo?" Aka yi ta dariya. Amma ba ta bari an ɗauke shi daga cinyarta ba har aka sha ruwa. Da dare muna zaune a tsakar gida ina matsa mata ƙafa ta ce, "Saƙonki yana zuwa, Allah Ya yi miki albarka. Sai dai kuɗi ba sa cewa sannu."

Mako uku na yi na dawo. Har yanzu a Landan nake, har yanzu ina aika kuɗi, domin magani ba ya sayen kansa, kuma ba zan ce wa duk wanda ke nema a waje ya tattara ya koma ba. Abin da ya canja kaɗan ne. Yanzu in an kira daga gida, sai na ji muryar Inna kafin in tambayi nawa ne. 'Yar yayata ta koma makaranta, mun samu wata mata da muke biya tana zuwa da rana, mu 'ya'yan Inna kuma mun raba kwana. Na kuma ware asusu guda na kuɗin tikiti wanda ba na taɓawa ko me ya taso.

Ita kuwa Gwaggo, a ƙarshen 2024 'yarta ta zo ta ɗauke ta ta mai da ita wani gidan kula da tsofaffi da ke kusa da ita. Ranar da ta zo kwashe kaya muka zauna muka sha shayi, na ga mace ce mai fama da nata nauyin, ga aiki ga miji marar lafiya. Na ji kunyar abin da na faɗa a kanta, ko da yake ba ta san na faɗa ba. Ta tambaye ni yadda tafiyar Bath ta kasance, na ba ta labari duka, har da na gindin tsani. Ta yi shiru, ta ce ita ba ta taɓa jin wannan labari daga bakin mahaifiyarta ba.

Wanda nasa iyayen ke raye, Allah Ya ba shi ikon zuwa da ƙafarsa. Waɗanda nasu suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu da rahama. Sai mun sake haɗuwa.